Kamfaninmu Mai Zangarniya

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanin matata ba, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Ko ni na manta ma, mutanen ƙauyen surukaina da ke bayan Kafur ba za su bar maganar ta mutu ba.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da darasin kasuwanci a wata sakandare a Malumfashi. Wato ni ne mutumin nan da zai tsaya gaban allo ya yi wa yara bayanin yadda ake tara dukiya, in an tashi kuma ya tura babur ɗinsa har gida saboda mai ya ƙare. Wata rana na je gaisuwar rasuwa Funtua, sai na haɗu da Sagir, abokin karatuna da ke aikin banki a Kaduna. Ana zaman makoki, shi yana latsa waya yana murmushi. Da muka fito na ce, "Lafiyarka kuwa?" Ya ce, "Kuɗina ne ke aiki a Biyetnam, ni ina zaune."

Ya yi mini bayani. Wai akwai wani asusun zuba jari da mutane da yawa ke tara kuɗi a ciki, sai masu kula da shi su sayi hannun jari a manyan kamfanonin ƙasar. In kamfanonin sun ci riba kai ma ka lasa, in sun faɗi ku faɗi tare. "Kasuwa ce mai tasowa," in ji shi, "wanda ya shiga da wuri shi ke shan romo." Kalmar nan, mai tasowa, ita ta kama ni. Ai ni ma mai tasowa ne, shekara da shekaru ina ta tasowa ban ƙarasa miƙewa ba.

Kafin mu rabu ya sa mini manhajar a waya. Na sayar da 'yar masarar da na samu a gonar gado na zuba. (Kada ka tambaye ni nawa. In ka kai kuɗin kasuwar dabbobi tunkiya za ka samu, ita ma ba mai ciki ba.)

A cikin manhajar akwai shafin da ke nuna kamfanonin da asusun ya saya. Ga bankuna, ga kamfanin ƙarfe, ga na madara, ga masu gina dogayen benaye, kowanne da ɗan tambarinsa a gefe. Sunayen kuwa, in ka gwada karanta su da ƙarfi sai na kusa da kai ya ce maka yarhamukallah. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne wani mai tambarin zangarniya biyu masu ruwan zinare, an rubuta a ƙasa cewa harkarsa ci da sha. Ɗan manomi ya ga zangarniya, me kuma ya rage? Nan take na yanke hukunci: kamfanin sarrafa hatsi ne. Ban buɗe na duba ba. Data tsada gare ta, kuma mai kamfani ba ya bin diddigin ƙananan abubuwa, yana da ma'aikata.

Daga nan na daina cewa "su", na koma "mu". A ɗakin malamai ana kukan albashi bai shigo ba, sai in gyara tabarau in ce, "Mu kam a Biyetnam bana ƙarfe ya yi mana kyau." In na ji an yi ambaliya a can, ranar fuskata ba walwala, sai an yi mini jaje. Na gaya wa matata Hajara cewa bankinmu ya tashi, ta ce, "Madalla. In ya sauka ka ce ya biyo mana da manja."

To, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yayar Hajara tana auren Alhaji Isiya, wani babban dillalin hatsi a Funtua. In ya je gidan surukanmu da mota yake zuwa, a shimfiɗa masa darduma. In ni na je sai in ji an ce, "Malam ne, a miƙa masa tabarma." A bikin nan shi bijimin sa ya kawo. Ni katan ɗin lemo na ɗaura a bayan babur, shi ma kwalba biyu sun fashe a hanya.

Surukina (ba zan kama sunansa ba, ina da sauran kunya duk da abin da ya faru) shi ne shugaban ƙungiyar manoman ƙauyen. Shekarar masara da auduga sun yi kyau, ƙungiya ta tara abin da ta tara, ana ta shawarar ko a sayi taki a ajiye ko a nemi wata hanya. Na ce a raina, ga ranar da za a san wane ne suruki. In na shawo kansu suka zuba a asusunmu, ko Alhaji Isiya sai ya zauna a tabarma.

Ranar walima an kafa rumfuna a ƙofar gida bayan azahar. Abokan ango sun yi hayar janareta da manyan lasifika da wani ƙaton talabijin da ake nuna hotunan ango a ciki. A layin gaba ga surukina, ga Liman, ga Alhaji Isiya yana kaɗa makullin mota. A gefensu kuma ga Baba Nomau, wani dattijo Bamaguje da gonarsa ke iyaka da ta surukina. Tun suna samari suke gayya tare, kuma ba biki ba suna da ba ya zuwa da gudummawarsa ta dawa.

Liman ya gama nasiha a kan haƙƙin aure da neman halali. Mai gabatarwa ya ce ko akwai mai ƙarin bayani cikin dangi. Wannan tambaya ce da ba a son amsarta, kowa ya sani, domin an riga an jiyo ƙamshin shinkafa. Ni kuwa na miƙe.

Na karɓi makirfo na yi sallama. Na ce tunda Liman ya yi maganar halali, bari in nuna wa iyayena yadda ake nemansa a zamanance. Na ba mai kayan sauti wayata ya haɗa da talabijin, sai ga shafin kamfanoninmu ya cika allo, kowane tambari kamar faifai.

"Wannan bankinmu ne," na ce ina nuni da sandar wani tsoho da na ara. "Wannan kamfaninmu na ƙarfe. Wannan na madara, shanunsa sun fi na duk rugagen da ke tsakanin nan da Musawa." (Ban taɓa ganin ko jelar saniya ɗaya ba.) Na ji ana "Ikon Allah!" Na saci kallon Alhaji Isiya, na ga ya daina kaɗa makulli. Na ƙara gyara tsayuwa.

Liman ya ɗaga carbi ya nuna allo. "Malam, wancan mai zangarniyar fa, me suke yi?"

"Allah gafarta Malam, ai ka taɓo ɗan lelena. Hatsi suke sarrafawa. Manoma ne irinmu. In ƙungiya ta shigo, wata rana su da kansu za su zo sayen dawarku."

Surukina, wanda tunda na auri 'yarsa bai taɓa yi mini magana mai tsawo ba, ya gyara zama ya ce, "To nuna mana gonar tasu mu gani."

A ƙauyen nan, in kana son sabis sai ka hau tudun bayan makabarta ka ɗaga hannu sama. Amma ranar, da na taɓa zangarniyar nan, shafin ya buɗe kamar da ma jirana yake. Bidiyo ya fara.

Gona ce iya ganinka, hatsi ya nuna jawur, iska na kaɗa shi. Jama'a suka ɗauki "Masha Allah!" Liman da kansa ya ce, "Tubarkalla." Na ce, "Kun gani? Ba ciyawa ko ɗaya." Sai aka nuna ana zuba hatsin a wasu manyan tukwanen ƙarfe. Na ce, "Wannan injin surfe ne." Sai ga kwalabe suna tafiya a layi kamar 'yan fareti. Na fara shakka, amma baki ya riga ya saba. Na ce, "Kunun zaƙi ne na kwalba. Can sun ci gaba."

Sai aka tsiyaya kunun zaƙin a kofin gilas, ya yi kumfa har ya zubo. Kiɗa ya tashi. Ga samari da 'yan mata a wani ɗaki mai jan fitila, tufafin 'yan matan duka in an haɗa ba za su yi ɗankwali ɗaya ba, suna karo kofuna suna ihu da yarensu. Lasifikan nan da aka yi haya don a ji wa'azi har bakin rafi suka kai ihun har bakin rafi.

Na ruga wajen wayar. Na danna, ta ƙi. Na sake dannawa, ashe ƙara nake ƙarawa. Na koma na tsaya gaban talabijin na baza babbar riga don in rufe, amma allon ya fi ni faɗi, ta ƙarƙashin hammatata ana hango wata tana rawa. Alhaji Isiya ya miƙe yana "A'uzubillahi! A'uzubillahi!" da muryar da ta fi ta lasifika. (Shi da kowa ya san tirelolin dawarsa kudu suke nufa, kuma bai taɓa tambayar ko tuwo ake yi da ita a can ba. Amma ranar ba ni da bakin faɗa.) Daga ƙarshe wani mai hankali ya kashe janareta.

Wurin ya yi tsit. Ana jin kukan akuya daga cikin gida.

Sai Baba Nomau ya fashe da dariya har da buga sanda a ƙasa. "Kai, ɗana, wane irin kunu? Wannan ai giya ce! Kuma ta nuna, ka ga kumfarta?" Ya share hawaye ya juya wajen surukina. "Alhaji, ashe abokin sana'a ka samo mana ka ɓoye? Uwar 'ya'yana ta tsufa a bakin tukunyar giya, ko sau ɗaya ba a sa ta a talabijin ba."

Surukina bai ɗago ba. Ya ƙura wa takalminsa ido kamar ranar ya fara ganinsa.

Liman mutum ne mai sanyin hali, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Da ya yi faɗa da na samu sauƙi. Cewa ya yi a hankali, "Malam, kamfanin nan, kashi nawa ne naka a ciki?"

Nan na gane ramin da na haƙa. Wata da watanni ina hura kaina, yanzu kuma ba mafita sai in sace iskar da hannuna. Ko in zama attajirin giya, ko in zama matsiyaci mai tsoron Allah. Na zaɓi na biyu, da ma shi ne gaskiya.

"Wallahi, Allah gafarta Malam, abin da na mallaka a ciki bai kai marfin kwalba ba."

"To bankin fa?" in ji Alhaji Isiya, yana murmushin da har yau nake gani a mafarki.

"Shi ma, ko tabarmar ƙofa ba tawa ba ce."

"Shanun?"

Wani daga baya ya ce, "Ƙila ƙuda ɗaya a jela." Dariyar da mutane ke ta dannewa ta ɓalle gaba ɗaya. Surukina ya ɗago ya ce, "A kawo abinci." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Labari ya riga ni shiga cikin gida. Da yamma na ɗauko Hajara a babur. Sai da muka kusa Malumfashi ta matso kusa da kunnena ta ce, "Inna ta ce in tambaye ka, lemon da ka kawo, na kamfaninku ne? Don an riga an ba yara."

Washegari na sayar da kasona. Liman ya ce in akwai riba in fitar da ita in bayar ba tare da sa ran lada ba. Allah ya hutar da ni, babu ribar, har uwar kuɗin ta rame. Bayan 'yan makonni Sagir ya kira ni yana murna, wai an yi bikin sabuwar shekara a can, mai zangarniya ya yi ciniki ya ja asusun sama. Na ce masa sabis ba kyau, na kashe.

Ƙungiya ta sayi takinta ta ajiye, damina ta zo suka yi noma lafiya. Surukina bai taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai duk sanda na je gaisuwa aka kawo kunu, yakan tura mini kwanon ya ce, "Sha, Malam. Na gida ne, mun san abin da ke ciki." Baba Nomau kuwa, in ya hango ni a kasuwar Kafur, ko yana can rumfar masu gishiri sai ya ɗaga sanda ya ƙwala, "Abokin sana'a! Ya ciniki?" Dole in je in durƙusa in gaishe shi, dattijo ne.

Darasin da na koya ba ya cikin littafin da nake koyarwa, kuma na saye shi da tsada: buhun da ba kai ka ɗinke bakinsa ba, zura hannu ka ji abin da ke ciki kafin ka tara mutane kallo. In kuwa dole sai ka kwance shi a bainar jama'a, to ka tabbata surukinka ba ya layin gaba, kuma kai ne ka fi kowa kusa da janareta.