Ranar da Na Yi Kyautar Sarauniya

Shekarar da aka saka mana intanet a ma'aikata, na ƙuduri aniyar rama kashin da Injiniya Sule ke ba ni a darar Turawa, wato ces. Na samo wasannin manyan gwanayen duniya, na haddace wasan wani mutumin Rasha tsaf. A wasan ya bar sarauniyarsa, wadda ta fi komai ƙarfi a kan allon, aka ci da gangan, sannan ya gama da abokin karawarsa.

Ranar Asabar na gayyaci 'yan ofis gidana a Gwarinpa, har da tsire, don kada tarihi ya rasa shaidu.

Muka fara. Ina wasa ina kurɓar shayi, ko allon ba na kallo. Da lokaci ya yi, na tura sarauniyata bakin dokinsa, na harɗe hannu. Sule ya ɗauke ta. Sai a sannan na lura tun tuni ya bar hanyar da na haddace.

Na ce, "Injiniya, ai ba nan ya kamata dokinka ya kasance ba."

Ya ce, "In ji wa?"

"Abokin karawar ɗan Rashan ba haka ya yi ba."

"To Oga, shi ya kamata ka gayyata."

Wani har ya ƙware da tsire don dariya.

Yanzu duk mun yi ritaya. Amma ko a ɗaurin aure muka haɗu, bayan gaisuwa sai Sule ya rage murya ya ce, "Alhaji, akwai wata sarauniyar da ba ka so?"