Ilu Mai Gadin Ciyawar Dutse

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani bawan Allah, Ilu, da matarsa Lantana da akuya ɗaya. Ilu ba ya musu, ba ya ƙari: abin da aka ce masa, shi ke nan. Saboda haka bai taɓa kwana uku a bakin aiki ba. Lantana ta gaji, ta ce in aka sake korarsa, gidansu za ta tafi.

Wata rana wani malamin tsirrai ya zo daga jami'a neman wata 'yar ciyawa da ba ta fi yatsa ba, wadda ke fitowa a tsagar dutse inda ruwa ba ya kwanciya. Ya ɗauki Ilu aiki, ya nuna masa hoto, ya ce, "Nemo mini irin wannan sak." Da la'asar Ilu ya sauko hannu rabbana. "Malam, ga su can birjik, amma ba ita ba ce. Su in iska ta kaɗa motsi suke, taka kuwa ba ta motsi."

Wata rana Malam ya ce, "Tsaya nan har in dawo," ya manta, ya shiga birni. Kwana biyu Lantana tana hawa dutse da kwanon tuwo, tana masifa.

Wata rana kuma Malam zai yi tafiya, ya bar wa Ilu gadin ciyawar, ya ce, "Kada a rage mata komai, kada a ƙara." Sai ga Ciyaman na ƙaramar hukuma da masu ɗaukar hoto da 'yan ga-ruwa, wai ya zo ceton ciyawa daga ƙishirwa. Ilu ya kwanta a hanya. "Ranka ya daɗe, ruwa ƙari ne." Ciyaman ya fusata, ya ce ya kore shi, aka zagaya ɗaya gefen dutsen aka yi kwanaki ana kwarara ruwa. Lantana ta ɗaure kaya tana hawaye, Ilu kuwa ya ce wanda ya ajiye shi bai dawo ba.

Da Malam ya dawo, duk inda aka shayar ya ruɓe, sai gefen Ilu ne ya tsira. Ciyaman ya shiga rediyo ya ce dabararsa ce. Malam dai ya ba Ilu gadi na dindindin, Lantana ta kwance kayanta.

Ilu ya dubi gabas, ya ga hadari ya haɗo. "Malam, shi ma wannan in kwanta masa a hanya?"