Ragowar Gidan Sauro Biyar

"Sa kowace lamba, in dai ba ta ƙare da sifili ba. Mai sifili ce mutane ke zargi."

Haka na ji magatakardan Mai Girma Uban Rabo yana gaya wa yaronsa a shagon da nake buga takardu. Ni dai kaina na ƙasa, don ko a makaranta ban iya ɗaga hannu ba. Yaron ya dubi silin, ya ce in rubuta an raba gidan sauro 104,729 daidai-wa-daida ga unguwanni goma sha biyu. Na rubuta. Washegari rediyo ya faɗa, har da kiɗa.

Jama'a, a yaba wa Mai Girma. Raba abin da ba a gani ba aiki ne, ba kowa zai iya ba. Unguwarmu na cikin sha biyun, amma Innata zazzaɓinta na uku ke nan bana, gidan sauronmu kuwa faci ya fi asalin yadin yawa.

Lambar ta hana ni sakat. Na juya bayan wata takarda da inji ya ɓata, na raba ta biyu, ta ƙi. Uku, ta ƙi. Bakwai, ta ƙi. Na kai wa maƙwabcinmu, tsohon malamin lissafi, wanda yanzu cajin waya yake yi. Ya kwana biyu da ita, sannan ya ce wannan irin lambar nan ce da ba ta rabuwa da kowa, sai da ɗaya, sai kuma da kanta. Matarsa na tankaɗe ta ce ashe lambar ma 'yar gidan manya ce. Malam ya ce in an dage sai an kasa ta sha biyu, kowace unguwa ta tashi da 8,727, biyar su yi saura.

Mai shagonmu da na nuna masa ya ce in haɗiye lissafina, mutanen nan su ke kawo mana aiki, kuma 'yan mata masu neman kujerata sun fi sauron yawa.

Jiya magatakarda ya dawo buga takardar godiya, wai daga bakin talakawa. Na buga, har na gyara masa waƙafi. Mai shago na ta hararata. Na miƙa wa magatakarda takardar, na ce:

"Ranka ya daɗe, dubu takwas ɗin unguwarmu na san sun yi mana nisa, ban tambaya ba. Amma in an raba sha biyu, biyar na ragewa. Ko cikin biyar ɗin nan za a taimaka wa Innata da ɗaya?"