Mita Ɗari da Takuna

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da na so in manta, domin har yau akwai masu tuna mini. A lokacin ina sabon malami, an tura ni wata makarantar sakandare a wani ƙauye da ke bayan Tsafe, ni da aka haifa a Tudun Wada ta Gusau, ni da nake ganin duk garin da babu kwalta ba gari ba ne. Takardar shaidata ta koyar da wasanni da motsa jiki ko ninki ba ta yi ba. Buri ɗaya na sauka da shi daga mota: in yi wani abin da zai sa manyanmu na Gusau su ji sunana, su mayar da ni gida.

Kafin zuwana, wani dattijo, Malam Garba, shi ke ba ɗalibai makin jarrabawar fili. Asalinsa malamin noma ne, rashin malami ya sa aka ɗora masa wasanni. Yadda yake yi shi ne ya jera su biyar-biyar, ya ce su ruga zuwa gindin wata tsamiya da ke can ƙarshen makaranta. Waɗanda suka zo na ɗaya ya sake haɗa su, haka har ya san wa ya fi wa. Ba agogo, ba lamba, ba komai, sai ido. Da ya gama yi mini bayani, na dube shi sama da ƙasa, na yi wata 'yar dariya ta hanci (wannan dariyar, da ana sayen abin da ya wuce, da na saye ta na binne).

Na ce, "Malam, wannan ai wasan dandali ne. A kwaleji jadawali gare mu. Mita ɗari ake aunawa, a ɗauki lokacin kowa, a duba jadawali, a ba shi makinsa."

Ya ce, "To, Malam, kai ka yi karatun abin. Ga su nan, Allah shi taimaka."

Na je ɗakin ajiya neman kayan aiki. Abin da na tarar ƙwallo ɗaya ce da ta sace, da wata raga da gara ta gama da ita. Tef ɗin awo babu, agogon gudu babu. Mai hankali zai hau mota ya je Tsafe ya aro tef wurin magina. Ni kuwa sai na tuna wani malaminmu ya taɓa cewa takun mutum ɗaya kusan mita ɗaya ne. Abin da bai faɗa ba, ko ya faɗa ina gyangyaɗi, shi ne takun wane mutum. Ni gajere ne, irin gajeren da in ya hau keke sai ya riƙa zamewa hagu da dama kafin ƙafarsa ta taɓa feda. Ga shi ranar ina cikin wani kaftani mai matsattsen ƙasa. Haka na tsaya a bakin fili, na yi bisimilla, na taka ɗari cif, na kafa turke, na sa aka zuba layin toka.

Malam Garba ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa, ya tsaya, ya dubi layin farko, ya dubi turke.

"Malam, hilin ga fa kamar ya yi gajere. Ni ka auna gonar makaranta duk shekara, idona ya saba."

Na ce, "Malam Garba, wannan ba gona ba ce."

Ya wuce abinsa.

Saura ɗaukar lokaci. Agogon da ke hannuna na ado ne, tun a Gusau ya tsaya, ina ɗaura shi ne kawai don ɗalibai su san malamin birni ya zo. Sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke faɗo wa mutum in Allah ya so ya tona masa asiri. Na zaro carbina. Ƙwaya ɗaya, daƙiƙa ɗaya. In na busa usur sai in fara ja, in ɗalibi ya taɓa turke sai in tsaya in ƙirga. Har na ji haushin cewa babu wanda ya rigaye ni gano wannan a duk faɗin ƙasar nan.

Ranar jarrabawa aka yi abin al'ajabi. Wannan goma sha ɗaya, wancan goma. Jadawalina ya ce duk cikakken maki ne. Sai ga wani ɗan aji biyar, Lawali, siriri mai zafin nama, ya tashi kamar an harbo shi, na duba carbi, tara! Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai yau ita ce, in ɗalibi ya burge ni, ihu nake yi ina tsalle, hannuna ya manta da carbi. In kuwa wanda ba ya gaishe ni ne, kamar wani dogo mai suna Isiya da kullum fuskarsa a murtuke, ƙwayoyin gudu suke yi a yatsuna. Isiya na ba shi goma sha biyar, shi ne na ƙarshe a aji.

Duk wanda kansa ke aiki, in ya ga 'yan ƙauye talatin ba takalmi suna irin wannan gudu, zai zauna ya ce anya. Ni takarda na ɗauko. Na rubuta wa manyanmu na Gusau wasiƙa shafi biyu da Turanci, da ƙamus a gefena, na ce a ƙarƙashin sabon tsarin da na kawo an gano wani ɗalibi da jiha za ta yi alfahari da shi. Sunana ya fito sau huɗu a wasiƙar, na Lawali sau ɗaya. Shugaban makaranta ya sa hannu baki har kunne, shi ma bai san komai game da gudu ba.

Bayan mako uku amsa ta zo: mai duba wasanni zai zo da kansa ranar Talata. Na dinga yawo a makaranta kamar wanda aka riga aka ba kujera. Har na fara raba kayana, na ba maigadi tsohuwar tabarmata, na ce ba zan koma Gusau da ita ba.

Talata ta yi. Na ci farin wando da farin kambas, usur a wuya. Aka jera bencina a inuwa. Mahaifin Lawali ya baro gona ya zo da ƙannensa biyu, wakilin maigari ya zo, duk makaranta aka fito. Can sai ga baƙo a kan babur, wani dogon mutum mai ƙarancin magana, Alhaji Sani, mai duba wasannin. Aka gaisa. Ya ƙi zama, ya nufi fili kai tsaye, ya tsaya a layin toka yana kallon turkena.

"Wa ya auna hilin ga?"

Na dafa ƙirji. "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da mi?"

Na ce, "Da taku, yadda ake yi."

"Yadda aka yi ina?"

Ya buɗe jaka ya fito da tef, ya miƙa wa Malam Garba bakinsa (cikin duk mutanen da ke wurin, shi ya zaɓa), suka fara ja. Da suka isa turke ya duƙa ya karanta da ƙarfi, yadda na bayan benci ma za su ji: "Sittin da takwas." Suka ci gaba da ja, suka wuce turke, suka wuce shingen ƙaya, mita ɗari ba ta cika ba sai a tsakiyar gyaɗar makaranta. Gumi ya karyo mini har cikin kambas.

Na ɗauka an gama da ni. Ashe yanzu aka fara. Ya shimfiɗa tef a ƙasa ya ce, "Malam, zo ka taka mu gani." A gaban ɗalibaina, da iyayensu, da wakilin maigari, na shiga takawa. Kuma don rashin kunya sai na riƙa wage ƙafa kamar mai tsallake kwata, ko zan ciko abin da ya ɓace. Ɗalibai suka ɗauki ƙirga da baki ɗaya, "Ɗaya! Biyu! Uku!" Duk da wannan maguɗi, taku goma bai kai ni mita tara ba. Wata malama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"To, ina agogon da kunka ɗauki lokaci?"

Na so in nuna na hannuna, na tuna zai ce in ba shi ya gani. A hankali na sa hannu a aljihu na zaro carbi. Alhaji Sani ya karɓa, ya juya shi, ya mayar mini da hannu biyu.

"Malam, wanga don zikiri anka yi shi. Ka bar shi ga aikinai."

Nan aka fashe. Har wakilin maigari sai da rawaninsa ya karkace.

Aka ja layin farko baya har bakin azuzuwa don mita ɗari ta samu wuri, aka jera mutum shida, da Lawali da Isiya a ciki. Alhaji Sani ya riƙe agogonsa, ya ce ni ma in ja carbina, a gwada. Aka busa. Lawali ya fita gaba kamar kullum, zuciyata ta ce ko Allah zai rufa asiri. Amma tun ranar jarrabawa ina horar da shi a kan sittin da takwas, jikinsa ya san inda ake tsayawa. Yana cin wannan nisan ƙafafunsa suka yi nauyi. Isiya, wanda sai ya yi nisa gudunsa ke kamawa, ya zo ya wuce shi ko waiwaye babu, wani ma ya wuce shi. Lawali ya zo na uku yana haki. Agogon baƙo ya ba shi goma sha huɗu da ɗoriya. Carbina ya ce goma, don na sake mantawa ina ihu.

Alhaji Sani ya nemi takardar makin bara, wadda Malam Garba ya yi da ido. Aka kawo. Isiya ne na ɗaya, Lawali na uku. Malam Garba bai dube ni ba ko sau ɗaya, ya tsaya yana naɗe tef a tsanake, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai mahaifin Lawali ne. Ya zo ya tsaya gabana, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Malam, ni dai na hwaɗa ma mutanen unguwarmu ɗana za shi Gusau. Yanzu mi zan ce musu?"

Haƙuri kawai nake ta ba shi. Shi ma Lawali, da bai yi laifin komai ba, wata guda yana sauya hanya in ya hango ni, saboda abokansa sun sa shi gaba da tsiya.

Aka soke makin aji gaba ɗaya, aka sake jarrabawar, Malam Garba na riƙe da takarda, ni ina busa usur, aikin da aka tabbatar ba zan iya ɓata shi ba. Manyanmu na Gusau kuwa sun ji sunana, wannan kam burina ya cika. An ce har a taron malaman wasanni ana ba da labarina, a kira ni Malam Taku. Takardar canjin wurin aiki dai ba ta zo ba sai bayan shekara bakwai, kuma da ta zo, wani ƙauye ne a bayan Bungudu.

Tun daga ranar, duk abin da na auna na ga ya fito da kyau har ina jin daɗin kaina, ba na gaya wa kowa. Ina neman wanda ya fi ni tsawo ne ya sake aunawa tukuna.