Tsawar Malam Hambali a Tsohon Gidan Burodi

Akwai wani tsohon hedimasta a Zariya, Malam Hambali, wanda ya yi furfura a cikin aji kafin ya ajiye alli, ya koma gida da niyyar ya huta da hayaniyar 'ya'yan mutane. Mutum ne wanda idan ka gaishe shi ka haɗiye rabin gaisuwar, sai ya sa ka sake ta daga farko. A bayan gidansa akwai wani tsohon gidan burodi da aka daɗe da rufewa, mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda a da ake jibge buhunan fulawa. Malam ya yi murna da wannan maƙwabtaka, domin a ganinsa babu maƙwabci nagari kamar kango.

Wata Asabar bayan la'asar ya kishingiɗa a zaure, ya kunna rediyo, sai ya ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tabarma. Ƙarar da ta biyo baya kuwa, sai ka ce an tara injin markaɗe da mai walda da tirelar da birkinta ya tsinke, aka ce su sasanta kansu. Kofin shayinsa ya kama tafiya shi kaɗai a kan faranti.

Matarsa, Goggo Ladidi, ta leƙo daga tsakar gida da ludayi a hannu. "Malam, ko rushe gidan burodin ake yi?"

"Rushe gini yana da tsari," in ji Malam. "Daga sama ake farawa. Wannan daga ƙasa yake fitowa."

Ya sa hula, ya ɗauki sandarsa, ya zagaya. A ransa ya riga ya yanke cewa wasu sakarkarun makanikai ne inji ya ƙwace musu, kuma ya shirya kalmomin da zai jera musu. Amma a bakin ƙofa ba makanike ya tarar ba. Wata budurwa ce tsaye da roba cike da auduga, tana gutsura wa duk mai shiga.

Ta rusuna ta ce, "Baba, sannu da zuwa. Ga taka."

"Ta mece ce?"

"Ta kunne, Baba. Kowa sai ya toshe kafin ya sauka."

"Me ya lalace a ƙasan?"

"Babu abin da ya lalace. Kiɗa ake yi."

Malam ya dube ta ta saman tabarau. "Kiɗa. Wato ku kira mutane su zo su ji, sannan ku tare su a bakin ƙofa ku toshe musu kunne?"

"Ai irin wannan ba da kunne ake jin sa ba, Baba. A ƙirji ake jin sa."

"A wace makaranta aka koya miki cewa ƙirji yana ji?"

Bai tsaya jin amsa ba. Ya ture robar da bayan hannu, ya dafa bango, ya bi matakala ya sauka.

Ɗakin duhu ne, sai wani jan ƙwan lantarki guda da ke lilo a tsakiya. Samari da 'yan mata ne cike, yawancinsu ɗalibai, waɗanda ke sanar da juna baki da baki, domin taron ba ya da talla, ba ya da allo a ƙofa. Babu mai rawa. Duk suna tsaye, kai a sunkuye, ido a rufe, kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa. A gaba akwai tebur cike da ƙananan akwatunan ƙarfe da wayoyi a harɗe, wani dogon saurayi ya duƙufa a kai yana murɗa maɓallai. Wannan shi ne Nazifi, jagoran taron. A gefensa wani yana jan sarƙar keke a kan fallen kwanon rufi, wani kuma ya kafa wa wata tsohuwar fanka makirufo yana cusa mata cokali.

Malam mutum ne mai adalci, ba ya hukunci sai ya tabbatar. Ya tsaya ya ba su lokaci, ko da gwajin kaya suke yi. Da ya ga abin ba ya da niyyar zama waƙa, sai ya taɓa kafaɗar na kusa da shi, ya kai baki kunnensa ya ce, "Yaushe za su gama gyaran?"

Saurayin ya buɗe ido, ya yi murmushi, ya ɗaga masa babban yatsa, ya sake rufe ido.

Malam ya tafa hannu sau biyu, irin tafin da ke tsayar da filin makaranta cak. Shi kansa bai ji tafin ba. Ya buga sanda a ƙasa, ƙasar ma nata rawar take yi. Can sai idonsa ya faɗa kan wani makirufo a tsaye a gaban jama'a, babu kowa a wurinsa.

To, a nan ne aka samu matsala. Masu wannan taro suna da wata al'ada: kullum suna barin makirufo ɗaya a buɗe, duk wanda abin duniya ya cika masa ciki sai ya fito ya amayar da shi da ihu, Nazifi kuma ya bi da muryar ta cikin akwatunansa ta fito a wata kama. Malam bai san da wannan ba. Shi abin da ya sani tun yana saurayi, idan aka ga makirufo a tsaye a gaban yara babu kowa, to hedimasta yake jira.

Ya ratsa jama'a, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya, ya ce, "Shiru!"

Abin da ya fito daga lasifika ba shiru ba ne. Wani ruri ne kamar an jefa zaki a cikin tankin ruwa an rufe, ya buga bango ya dawo, ya sake dawowa. Kawunan da ke sunkuye suka ɗago gaba ɗaya. Nazifi ya zare ido, ya dubi tsohon, ya koma kan maɓallai cikin murna.

Malam ya ga an ɗago kai, ya ce a ransa, yawwa. Ya shiga magana. Ya fara da tarbiyya, ya gangaro haƙƙin maƙwabtaka, ya tambayi sunan uban kowa da unguwar da ya fito. Duk inda ya ji muryarsa ta ɓace a cikin ƙara sai ya ƙara ɗagawa, Nazifi kuma ya ƙara murɗawa. Da ya zo kan batun lalacewar zamani, ya nemi teburin da zai buga bai samu ba, sai ya sauke sanda a kan kwanon rufin nan. Mai sarƙar keke ya ja da baya cikin ladabi ya bar masa kwanon. Malam ya yi ta jaddada kowace magana da duka, jijiyar wuya a miƙe, hula ta karkace, har ya kai ƙarshe ya ce, "Na gama!"

Nazifi ya zare waya ɗaya. Ɗakin ya yi tsit.

Sai tafi ya ɓarke. Aka dare aka ba shi hanya, ana rusunawa. Wani mai gemu ya kama hannunsa da hannu biyu, hawaye na zuba, yana cewa, "Baba, ka taɓa mu. Wallahi ka taɓa mu."

Malam ya koma gida yana taku ɗaiɗai. Ya ce wa Goggo Ladidi, "Yaran nan ba su gama lalacewa ba. Wanda zai faɗa musu gaskiya ne babu. Har da mai kuka."

Bai daɗe yana wannan alfahari ba. Da farko mai nama ne ya daina ce masa Malam, ya koma "Baba Tsawa". Sannan a taron tsofaffin malamai wani abokin aikinsa ya matso ya tambaye shi a hankali ko yana zuwa wasa a biki, domin shi zai aurar da 'yarsa. Daga ƙarshe 'yarsu da ke aure a Kaduna ta turo wa uwarta bidiyo a waya, tana tambaya ko lafiyar Baba ƙalau. Goggo Ladidi ta kawo masa har zaure. Ga shi nan kuwa cikin jan haske, hula a karkace, yana dukan kwano kamar ya kama shi da sata. Daga farko har ƙarshe babu kalma ɗaya da ake ganewa. A ƙasa mutane suna ta rubuta yabo, wasu da harsunan da Malam bai taɓa gani ba.

"Kuma ka yi kyau," in ji Goggo Ladidi. "Hular ce kawai."

Malam bai ci abincin rana ba. Ƙara ana jurewa, amma sunan da ya yi rayuwarsa yana ginawa ba zai bari a rufe shi da "makaɗi" ba. Ya ɗauki sanda ya nufi gidan mai unguwa.

Mai unguwa Jafaru babban mutum ne mai tumbi da jikoki, amma kamar rabin unguwar, ta hannun Malam ya bi a firamare. Yana hango shi ya miƙe tsaye, ya ba shi kujera, ya aika a kira Nazifi. Nazifi ya zo ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna.

"Jafaru," in ji Malam, domin bai taɓa iya ce masa ranka ya daɗe ba, "ƙara na kawo. Na je yin tsawatarwa, an mai da ni mawaƙi. Ina so a goge wannan abu, kuma a tsaya a ƙofar masallaci a gaya wa jama'a abin da ya kai ni."

Mai unguwa ya juya. "Kai Nazifi, ka ji."

"Ranka ya daɗe, wallahi mun ɗauka Baba ya san al'adar wurin. Yadda ya nufi makirufon nan kai tsaye, babu ɗar, mun ce wannan tsohon hannu ne. Kuma tun da muka fara taron nan ba mu taɓa samun wanda ya kai shi ba. Akwai waɗanda suka kira daga Jos suna tambayar yaushe zai sake."

"Ka ji ko?" in ji Malam. "A gabanka ma ƙarawa yake."

"Baba, yabo ne."

"Ban aike ka ba!"

Nazifi ya ƙara sunkuyar da kai. Ya ce zai goge nasa a take, amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ya fi ƙarfinsa. Ya ce za su lulluɓe bangon ɗakin da tsofaffin katifu, ko motsinsu Baba ba zai sake ji ba.

"Katifa za ta rufe bango," in ji Malam. "Bakin mai nama fa, da me za ku rufe shi?"

Mai unguwa ya shafa gemu. Ya ce shi ba zai tsaya gaban jama'a ya yi shaida a kan abin da bai ji da kunnensa ba, a kunna masa. Nazifi ya ciro waya ya kunna, ya ajiye a kan buzu.

Rurin nan ya cika zauren. Dattawan da ke zaune suka toshe kunne, wata akuya a ƙofar gida ta tsinke igiya. Amma mai unguwa bai toshe nasa ba. A hankali ya sauke ƙafar da ya ɗora a kan ɗaya, ya miƙe bayansa, ya tura goron da ke bakinsa cikin kumatu ya ɓoye, ya naɗe hannuwa a ƙirji. Bai motsa ba har abin ya ƙare.

Malam ya nuna wayar da sanda. "To, ka ji da kunnenka. Ni magana na yi mai kai da ƙafa, na'urarsu ta mai da ita haka. Ka ji kalma ɗaya a ciki? Ko ɗaya? Ƙara ce zalla, mai firgita yara! Yanzu ka dubi girman Allah, Jafaru, ka gaya wa mutanen nan: wannan muryata ce?"

Mai unguwa ya sauke numfashi, ya dubi ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam, in na ce ba kai ba ne na yi ƙarya. Haka muka ji ka tun daga aji ɗaya har aji shida. Bambancin kawai, su yaran nan da ƙafarsu suka je."