Rasuwar Shuɗin Gilashin Agogona

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar siririn shafen nan mai ɗan shuɗi da ke kan gilashin agogona, wanda maƙera suka sa don ya hana gilashin ƙyalli.

Marigayin bai taɓa neman a gan shi ba, shi dai a ga lokaci. A ɗakin ɗinkin kamfaninmu babu taga, wayoyi a kulle suke tun daga ƙofa, agogon bango kuwa an sauke shi, wai yana raba mana hankali. Dogayen fitilu a kanmu, hannu biyu a kan keke. Duk da haka da gefen ido nake duba shi, ban ɗaga hannu ba, ya gaya min gaskiya. Maƙwabciyata ta keken hagu, mai shayarwa, takan leƙo ta san saura nawa ta koma wa jaririnta.

Ajalinsa ya zo ta hannun masoyi. Ina wanka matata ta kama shi da garin wanke tukunya. Na fito ta miƙo min tana murmushi: "Maigida, na fitar maka da shuɗin dattin nan, amma fa na sha wuya." Na yi godiya. Har yau ba ta sani ba, don haka masu zuwa ta'aziyya su kama bakinsu.

Yanzu in na duba, fitila nake gani da fuskata, kuma wallahi ban san na tsufa haka ba. In na karkata hannu, sai hasken ya tashi ya faɗa idon mai duba aiki: "Kai mai agogo, sauri kake?" An ja min kunne, an ce saura kora. Na daina dubawa, kuma abin yana ci min rai.

Ya rasu ya bar hannaye uku da ke ta zagaye ba mai ganinsu, da tsohon maɗauri, da wani tik-tik da ƙarar kekuna ke haɗiyewa, da layinmu na masu ɗinki gaba ɗaya.

Babu gawar da za a ɗauka, ruwan wanke-wanke ya tafi da ita. Za a karɓi gaisuwa a bakin ƙofar kamfani bayan an tashi aiki. Masu tambayar ƙarfe nawa ke nan, ku yi haƙuri. Sai lokacin da mai duba aiki ya ga dama.