Ranar da Lasifika Ta Faɗi Inda Ke Min Ciwo

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar, lokacin da ba zan taɓa mantawa da shi ba ke nan. A daidai lokacin ne mai gabatarwa ta kira ni in karanta jawabin maraba a walimar auren Yaya Luba, 'yar kawuna, a gidansu da ke Illela.

Ni aka zaɓa don ni ce 'yar boko ta gidan, wadda ko gaisuwa sai an matso kusa ake jin muryarta. Na rubuta jawabin nan, na goge, na sake rubutawa, har da gaisuwa ta musamman ga dangin ango da suka zo daga Konni. Abin da ban shirya masa ba shi ne tashi daga tabarma.

Bari in koma baya kaɗan. Tun ina ajin ƙarshe na sakandare nake fama da ciwo a gefen dama, can ƙasan baya. Idan na daɗe zaune zan miƙe, ko zan hau kabu-kabu, ko zan juya a kan katifa, sai in ji kamar an soka min ƙusa, ya sauka har cinya. Na san wurin sarai, da yatsa ɗaya zan iya rufe shi. Matsalar ita ce wurin yana saman ɗuwawu, ni kuma ban taɓa furta wannan kalma a gaban babba ba (yanzu ma da na rubuta ta sai da na waiga).

Saboda haka duk likitan da ya ce in nuna, sai in ɗaga hannu sama kaɗan, inda mutunci ya yarda, in ce, "Nan-nan dai, wajen ƙoda." An gwada fitsari, an yi hoton ciki, ba a ga komai ba. Gwaggo Ige, yayar babana, ta ce sanyi ne, ta jiƙa min sassaƙe. Mai kemis ya ce taifot. Na sha duka, na gode wa kowa, na ci gaba da karatu a karkace kamar tsohon ƙyaure. Har na fara tunanin ajiye makaranta, don zaman lacca ya gagare ni.

To, ranar walima tun azahar nake zaune, ƙafafu a lanƙwashe gefe guda. Mai gabatarwa ta ga kunya za ta hana ni fitowa, sai ta miƙo min makirfo tun ina zaune. Na karɓa, na dafa ƙasa, na yunƙura.

"Wayyo ɗuwawuna!"

Wallahi da farko ban gane muryata ba ce. Na ji ta ne daga waje, daga lasifikar da aka ɗaure a kan bishiyar dogon yaro tana fuskantar titi, inda maza ke zaune: kawuna, abokan kasuwarsa 'yan canji, limamin unguwa, da ango.

Wata tsohuwa daga Konni da ba ta ji sosai ta ce, "Mi tac ce?" Wata baiwar Allah ta maimaita mata da ƙarfi. Ni kuwa ina nan a rabin tashi, ban zauna ba ban miƙe ba, makirfo a hannu yana watsa nishina ga unguwa.

Gwaggo Ige ce ta fizge shi, ba ta kashe ba. "Ke ɗiyar ga! Shekara da shekaru kina ce muna ƙoda, ashe can ƙasa abin yake?" Wannan ma titi ya ji.

Ban karanta jawabi ba. Mata biyu suka tallabe ni zuwa ɗaki, Yaya Luba tana dariya har kwallinta ya zuba. Sati guda ban leƙa ƙofar gida ba.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta sa aka kai mu Sakkwato wajen wata likitar ƙashi, kuma kafin in buɗe baki ta kwashe labarin duka ta ba ta, har da lasifikar. Likitar ta danne murmushi ta ce, "Nuna min da yatsa ɗaya." Me ya rage in ɓoye? Na nuna. Ta kwantar da ni, ta naɗe ƙafata ta ɗora a kan gwiwar ɗayar, ta danna, ta matsa ƙuguna ta gefe. Duk inda ta taɓa sai ciwon ya amsa.

Ta ce akwai gaɓar da ta haɗa ƙarshen ƙashin baya da ƙashin ƙugu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, tawa ta dama ce ta kumbura, kuma sau da yawa hoto ba ya nuna ta. Ta ba ni maganin kumburi, ta koya min motsa jiki na safe da yamma, da gashi da ruwan ɗumi, da wani bel da ake ɗaurawa a ƙugu. Ta hana ni zaman karkace da rataya jakar littattafai a kafaɗa ɗaya. In bai yi ba, ta ce, akwai allurar da ake yi a gaɓar. (Ban kai ga allurar ba. Yanzu ina zaman lacca har a tashi.)

Za mu fita, na tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage min na ce, "Likita, amma mi ya hana sauran su gano?"

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Sun yi aikinsu, ƙanwata. Ƙoda kika nuna, ƙoda suka duba. Nan gaba ki faɗa wa mutum ɗaya a ɗaki, ƙofa a rufe. Ya fi sauƙi a kan ki faɗa wa Illela."